HUNTURU YA ƘARATO: GIDA, MOTA DA KEKE



Maigida, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka san halin Zuru: sanyin asuba, hazo ya rufe duwatsu, yara sai mura da tari.

Fara da kaskon wuta. Don Allah kada a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa. A sha ɗumi a tsakar gida, a kashe kafin a kwanta. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin Annabi (SAW) na kashe wuta lokacin barci da rufe kwanuka da tuluna, ga shi kuwa lokacin ƙura da gobara ne. Uwargida ta yayyafa ruwa kafin shara saboda masu asma. Man kaɗanya ko zaitun bayan alwala yana rage faso. Zuma a ruwan ɗumi tana sauƙaƙa tari, amma banda jaririn da bai kai shekara 1 ba.

Mota kuwa, bakanike ya duba batir, don sanyi ke tona asirin mai rauni. A kakkaɓe matatar iska. In za ka Kontagora cikin hazo, kunna ƙaramar fitila, babbar ƙara rufe maka ido take.

Keken yaran makaranta, a goge sarƙa kafin a ɗiga mai kaɗan. In ya yi yawa ƙura yake kamawa. A gwada birki.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu.