Esin Mota Ya Daina Sanyi: Kafin a Ce "A Zuba Gas"



Da zarar hunturu ya tattara ya-nasa ya-nasa, bazara ta kankama, zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. A lokacin ne masu gyaran esi a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna ba sa samun ta kansu. Mai mota zai faka yana sharce gumi, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, gas ya ƙare, a zuba min."

To, gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur. Zagaye yake yi a rufaffun bututai: kwamfuresa ta matsa shi, kondensa da ke gaban lagireto ta huce masa zafi, ya kutsa ta wata 'yar ƙaramar ƙofa zuwa ibaporeta da ke ɓoye a bayan dashbod, inda yake tsotse zafin cikin mota. Idan ya ragu sosai, akwai inda yake yoyo, kuma wanda aka zuba yau zai bi sawun na jiya.

Gogaggen mai gyara da kunne yake farawa. Zai sa a tayar da mota a kunna esi, ya saurari wata 'yar ƙara "ƙas", alamar kulocin kwamfuresa ya kama. In bai ji ba, sai ya duba fiyus da rile, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma makunnin da ke hana kwamfuresa tashi idan gas ya yi ƙasa, domin man da ke shafa mata ciki tare da gas ɗin yake yawo. Masu tsallake wannan makunni da guntuwar waya don mota ta yi sanyi nan take, su ke kashe kwamfuresa, wadda tana cikin kayan da suka fi tsada a esin.

Wata motar kuwa tana sanyi ƙalau a hanyar Kano zuwa Zariya, amma tana shiga gosulo sai ta koma hura iska mai ɗumi. Galibi fankar kondensa ce ta mutu, ko ƙurar hunturu ta toshe haƙoran kondensar, in kuwa ƙurar ce, wanki da ruwa marar ƙarfi yakan wadatar. In iskar ce ba ta fitowa da ƙarfi, a zaro matatar da ke bayan akwatin dashbod a yawancin motoci. Sau da yawa za a tarar ta cushe da ƙura da ganye.

Neman yoyo shi ne aikin haƙuri. Mai gyara yana bin mahaɗar bututai yana neman inda mai ya jiƙa, ƙura ta manne ta yi baƙi. Ya shafa ruwan sabulu, ya tsura ido har kumfa ta fara tasowa. Wasu suna zuba rini mai ƙyalli da ake haskawa da fitila ta musamman. Idan ibaporeta ce ta ɓule, sai an kwance dashbod, aikin da kan cinye yini guda, shi ya sa da yawa ke gudunsa su yi ta zuba gas duk wata. Bayan an toshe, wajibi ne a zuƙe iska da danshi da injin zuƙa, don danshin da ya saura yana daskarewa ya toshe 'yar ƙofar nan. Sannan a auna gas daidai da abin da ke rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, saboda in ya yi yawa ma sanyin raguwa yake.

Gas ɗin ma iri-iri ne. Tsofaffin motoci R-12 suke sha, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina shi, R-134a ya gaje shi wajen tsakiyar shekarun 1990. Daga 2017 Tarayyar Turai ta hana R-134a a sababbin motoci, yawancinsu suka koma R-1234yf, kuma irin waɗannan motoci sun fara shigowa ta Kwatano da Legas. Ba a gauraya su, kuma bakin da ake zuba kowanne daban yake. Gas ɗin firij kuwa, R-600a, yana kama wuta, don haka mai mota ya tsaya ya karanta jikin gwangwanin da idonsa kafin a jona.