Ƙashin da ke tsagewa ba tare da an faɗi ba

Da zarar an sanar da ɗaukar kuratan soja, sai samari su cika bakin titi da asuba suna sheƙa gudu, wasu har da jakar yashi a baya, wai shirin zuwa horon soja a Zariya ake yi. Ba a jima ba sai wani ya fara ɗingishi, bayan ƙafarsa ya kumbura. Abokai su ce raki ne, mai ɗori ya ce targaɗe. Sau da yawa duk sun kuskure: ƙashi ne ya tsage.

Cikin ƙasusuwa 26 da ke ƙafa, biyar dogaye ne masu haɗuwa da yatsu, kuma na biyu da na uku suka fi shan wuya. Kowane takun mai gudu yana dira da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau biyu zuwa uku. Sauri yana tura wannan ƙarfi zuwa gaban ƙafa, kaya su ƙara masa yawa, in tsoka ta gaji kuma ƙashi ya shanye sauran. Kamar wayar da ake ta lanƙwasawa ne, ɗan ƙari kaɗan yana rage mata kwana sosai. Ƙashi yana gyara kansa, amma yakan fara da rushe tsohon kafin ya gina sabo, ginin kuma watanni yake ɗauka.

Likitocin soja sun daɗe da sanin wannan ciwo. Wani Bajamushe, Breithaupt, ya bayyana shi a 1855 bayan ya duba kumburarrun ƙafafun sojojin da suka sha maci, sai a 1897 hoton ƙashi ya tabbatar karaya ce. Abin haushi, littattafai sun tuna da mai bindiga sun manta da mai kaya. A 1944 runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, mai ɗimbin Hausawa, ta ratsa kwarin Kaladan a ƙasar Bama, inda da ƙyar mota ke shiga. Harsashi da abinci a ka aka ɗauke su, dubban 'yan dako suna hawa duwatsu suna sauka. Jikokinsu na nan a kasuwannin Kantin Kwari da Dawanau, ga masu ɗaukar jarkar ruwa mai kilo 25, ga yarinya da farantin talla tana bin mota a guje da silifas. Wa ya taɓa duba ƙafarsu?

Masu horarwa su daina haɗa ƙarin gudu da ƙarin kaya a mako guda, su kuma daina kiran mai ɗingishi rago. Ma'aikatan asibiti su ma su kula: a makonni biyu ko uku na farko hoto yakan fito ba komai. In ciwon yana wuri ɗaya da yatsa zai iya nunawa, yana ƙaruwa da tafiya, to a sake hoton daga baya, a ba ƙafar hutun mako shida zuwa takwas.