Kafin Mai Yasa Ya Sauka

A unguwannin da har yanzu da rijiya ake taƙama, kowa ya san lokacin yasa. Rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, guga ya fara fitowa da laka, sai maigida ya aika a kira masu yasa. Ba sa zuwa su faɗa ciki kai tsaye. Sai an kwashe ragowar ruwan, an fid da taɓo da tsummoki da gugan da ya tsinke tun bara waccan, sannan mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka da fitila yana bin bango da ido: ina ya tsage, ina ƙasa ke zaizayewa, ina saiwar bishiya ta ɓullo. In aka bar masa gurɓataccen ruwa har gwiwa, duk abin da ke ƙarƙashin ruwan ya kuɓuce masa, komai gwanintarsa.

Haka aikin likitan da ke leƙa babban hanji da na'ura yake, gwajin da ake kira kolonoskopi. Bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa bai wuce na yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinsa, ana shigar da shi ta dubura a bi hanjin har ƙarshensa, can ƙasan ciki ta hannun dama. Tsawon babban hanji ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, ga ninki ga kwana. Abin da aka fi nema ƙananan tsiro ne da ke fitowa a jikin bango, wani bai wuce milimita 5 ba, wani ma a shimfiɗe yake, bai ɗago kai ba. Yawancin sankarar babban hanji daga irin wannan tsiro take farawa, kuma takan ɗauki shekaru kafin ta zama abin da ta zama. Tun a 1969 likitoci biyu a birnin New York, Hiromi Shinya da William Wolff, suka fara amfani da wannan na'ura, suka kuma samo dabarar tsinke tsiron da zaren waya ba tare da an tsaga ciki ba. A 2020 mutum sama da miliyan 1.9 ne suka kamu da wannan sankara a duniya, fiye da 900,000 suka rasu. A wajenmu kuwa jini a bayan gida sunansa basir har sai ya kwantar da mutum, shi ya sa da yawa ba sa isa gaban na'urar sai an makara.

To wanda ya isa fa? Rabin aikin yana hannunsa tun daga gida, domin shi ne mai kwashe rijiyar. A ƙasashe da dama an lura cewa kusan ɗaya cikin kowane gwaji huɗu ko biyar ana yin sa ne a hanjin da bai wanku yadda ya kamata ba. Tsiro ya ɓuya a ƙarƙashin ƙazanta, gwajin ya daɗe, ciwo ya ƙaru, wani lokaci a ce a dawo, a sake biya. Har ma'auni likitoci suke da shi, wanda aka fitar a Boston a 2009: an raba hanjin gida uku, dama da tsakiya da hagu, kowane ana ba shi maki daga 0 zuwa 3, jimla 9. Sashen da ya samu ƙasa da 2, ba a yarda an gan shi da kyau ba.

Duk wanda ya taɓa sa a yi masa yasa ya san abu ɗaya: ba a kwashe rijiya da magariba a ce mai yasa ya sauka da hantsi. Idon ruwa ba ya barci. Kafin gari ya waye ta sake tarawa, ruwan kuma ya tashi da laka. Masu yasa na kirki suna rage ruwan tun jiya, amma kwasar ƙarshe sai gab da sauka. A da, marar lafiya yakan shanye maganin wankin cikin gaba ɗaya da daddare, ya kwana yana zarya, ya zo da safe yana ganin ya gama. Ashe cikin awannin nan ƙaramin hanji yana ta tsiyayo ruwan matsarmama da yauƙi, suna shafe bangon hannun dama, inda shimfiɗaɗɗun tsiron nan suka fi son zama. Shi ya sa yanzu ake raba maganin biyu, rabi da yammacin jajibere, rabi da safiyar ranar. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce a fara shan kason ƙarshe cikin awa 5 kafin gwajin, a gama aƙalla awa 2 kafinsa. Na Amurka ma kusan haka suka ce. A ganina babu wani gyara da aka yi wa wannan shiri da ya kai wannan amfani, kuma ko sisi bai ƙara wa kowa ba. Ga sauƙi kuma, don ciki ya fi karɓar lita biyu sau biyu a kan lita huɗu a zama ɗaya. Wanda aka ba ƙarfe tara na safe sai ya tashi tun kafin asuba, abin da bai kamata ya gagari mai yin sahur ba.

Shi kansa maganin ba daɗi gare shi ba, gara a faɗi gaskiya. Wanda aka fi sani, mai sinadarin PEG, a Dallas ta jihar Texas aka haɗa shi a 1980. Hikimarsa ita ce ya ratsa hanji ya fice ba tare da jiki ya tsotse shi ba, ba kuma tare da ya kwashe gishirin jiki ba. Lita huɗu ne asalinsa, wato ledar fiya wata takwas, mai ɗanɗanon gishiri-gishiri. Daga baya aka fito da na lita biyu, har da na lita ɗaya, sai dai waɗannan dole a bi su da ruwa mai yawa. Sanyi na rage masa ɗanɗano, saboda haka a sa shi a firji ko cikin ƙanƙara. A sha kofi ɗaya duk bayan minti 10 zuwa 15, ta bututun shan lemo in da hali, a tsotsi lemon tsami a tsakani. In zuciya ta tashi a dakata rabin awa, a ɗan zagaya tsakar gida, a ci gaba. A shafa basilin a dubura tun kafin zaryar ta fara, a yi tsarki da ruwa a hankali. Alamar an wanku ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garau, mai ɗan rawaya, babu gudaji.

Inda na fi ganin gazawa shi ne takardar bayanin abinci. Sau da yawa kwafo ta ake yi daga wata ƙasa, da Turanci, cike da sunayen abincin da ba a sayarwa a kasuwarmu. Dattijon da aka miƙa wa ita zai ce “to, likita,” ya ninke ya sa a aljihu, ya je gida ya ci tuwo da miyar kuɓewa don ya ga abu ne mai santsi. Alhali 'ya'yan kuɓewa, da riɗi, da 'ya'yan gwaiba da na tumatir, suna maƙalewa a hanji, har su toshe hanyar tsotso ta na'urar. Wake, gyaɗa, zogale, rama, alayyafo, dambu, fura mai dusa, duk a ajiye su kwana biyu ko uku kafin ranar. Farar shinkafa, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi da kaza babu laifi, kuma bincike ya nuna ba lallai ne a wuni da yunwa ranar jajibere ba, ana iya cin irin waɗannan da safe da rana in likita ya yarda. Da zarar an fara shan magani kuwa, sai ruwa, da shayi ba madara, da tataccen romo. Zoɓo haramiyarsa ce, domin jansa a cikin hanji kama yake da jini. Nas ɗin da ta zauna ta faɗi wannan da Hausa cikin minti biyar ta yi wa gwajin aikin da sabuwar na'ura ba za ta yi ba.

Akwai waɗanda ba za su bi takarda kawai ba. Mai shan ƙwayar ƙarin jini yakan dakatar da ita kamar mako guda kafin ranar, don tana baƙanta bayan gida ta sa shi danƙo. Mai ciwon suga, da mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, kowa da tsarinsa, kuma daga bakin likita zai fito. Wani nau'in maganin wankin ciki mai sinadarin fosfet ya lalata wa mutane ƙoda, har hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mai tsanani a 2008. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum haɗa nasa wankin da jiƙo ko da abin da mai kemis ya ga dama.

A ɗakin gwajin ma an samu sauƙi. Dole a hura hanji ya buɗe kafin a ga bangonsa. Da iskar ɗaki ake yi a da, mutum ya wuni da kumburi da murɗa. Iskar kabon dayoksaid kuwa jiki na tsotse ta da sauri ta fita ta numfashi, wasu likitocin ma da ruwa mai ɗumi suke buɗe hanya. Ana yin allurar da ke kawo gyangyaɗi da ta rage zafi, shi ya sa ake cewa a zo da ɗan rakiya, kada kuma a yi tuƙi ranar. Sai kunya, wadda ta hana mutane da yawa zuwa fiye da tsoron ciwo. Mutum a gefen hagu yake kwanciya, a lulluɓe, akwai ma wando na musamman mai 'yar tsaga ta baya. Mace tana da damar tambaya ko akwai likita mace, ko ta nemi nas mace ta tsaya mata.

Saura matsalar nisa. Wanda zai taso daga ƙauye zuwa asibitin koyarwa a Kano ko Zariya ba zai sha kason safe ya shiga motar haya ba. Ko dai ya kwana a gari, gidan da banɗaki ke kusa kuma akwai ruwa, ko a ba shi lokacin rana, don mai gwajin rana yana iya shan maganin duka da safiyar ranar. Mai rubuta ranar gwaji ya kamata ya fara da tambayar “daga ina za ka taso, Baba?” kafin ya rubuta ƙarfe nawa. Bayan an gama kuma, marar lafiya ya tambaya ko hanjin ya wanku, ko na'urar ta kai ƙarshe. In amsar a'a ce, ba shekara goma zai jira ba kamar wanda aka ga hanjinsa lafiya lau. Ana maimaita gwajin ne cikin shekara ɗaya, wani lokaci ma washegari, tun cikin bai sake cika ba.