Tsohuwar Laftof Da Aka Canza Wa Furosesa: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Ɗalibin da ke Dirin Daji ko cikin garin Zuru, wanda yake son kwamfutar koyon jarrabawar JAMB ko koyon rubuta manhaja, da wuya ya fara da sabuwa. Yawanci tokumbo ce ake kawo masa daga Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ko daga Computer Village a Ikeja. A cikinsu akwai waɗanda mai sayarwa zai ce "an ɗaga ta zuwa i7", ya kuma ƙara kuɗi a kan haka. Wani lokacin gaskiya ne, kuma cinikin yana da kyau. Wani lokacin kuma zafi ne kawai mutum ya saya da kuɗinsa.

Ba yau aka fara ba

A 1992 kamfanin Intel ya fito da furosesa mai suna OverDrive, domin mai tsohuwar kwamfuta ƙirar 486 ya ƙara mata gudu ba tare da ya sayi wata ba. A 1995 aka biyo da Pentium OverDrive, wadda ta zo da fankarta da na'urar rage ƙarfin wuta a jikinta, saboda tsohon madabod volt 5 yake bayarwa, ita kuwa 3.3 take buƙata. Kamfanin Kingston ma ya yi tasa mai suna TurboChip. Masu tara tsofaffin kwamfutoci a Amurka da Turai har yanzu suna farautar waɗannan kaya. Darasin da suka bari shi ne: shigar furosesa cikin soket ba ta nufin an gama. Sai wuta ta yi daidai, BIOS ta gane ta, kuma fanka ta iya zafinta.

Waɗanne ne ake iya canza wa?

A laftof iri biyu ne. Akwai furosesar da ke zaune a soket, ana juya ɗan sukuru ɗaya ta fito. Akwai kuma wadda aka liƙe da dalma a jikin madabod, ita wannan ba ta canzuwa a shagon gyara na unguwa. Lenovo ThinkPad T420, HP EliteBook 8460p da Dell Latitude E6420, duk na 2011, masu soket ne. Haka ThinkPad T430 ta 2012 da T440p ta 2013. Daga ƙarni na biyar na Intel Core zuwa sama, furosesar laftof liƙaƙƙiya ce. Duk wadda lambarta ta ƙare da harafin U ma haka take. Don haka idan aka ce an canza wa irin wannan furosesa, sai a yi hattara, mai yiwuwa sitikar jikin murfi kawai aka canza.

Hanyar tantancewa mai sauƙi ce. A saka manhajar CPU-Z, kyauta ce. Za ta nuna ainihin sunan furosesar da gurbin da take ciki. Idan an ga rPGA, mai soket ce. Idan an ga BGA, liƙaƙƙiya ce. Idan kuma an ga ES a gaban sunan, samfurin gwaji ce da ba a yi ta don sayarwa ba, gara a bar musu kayansu.

Inda matsalar take

A ɗauki T420 misali. Da yawansu sun zo da Core i5-2520M, mai koa biyu, wadda aka ƙiyasta zafinta a wat 35. Masu gyara sukan cire ta su sa i7-2670QM mai koa huɗu. Gudu yana ƙaruwa sosai wajen haɗa bidiyo da makamantansu, amma ita wat 45 ce. An ƙara wat 10 a kan fanka da ƙarfen sanyaya da aka ƙera don 35.

A ofis mai na'urar sanyaya ɗaki hakan zai iya wucewa. A ƙasar Zuru cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iska, labarin daban ne. Idan furosesar ta kusa digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya yi yawa kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya. Sai a tarar i7 ɗin da aka biya kuɗi a kanta tana tafiyar hawainiya. Batir yana saurin ƙarewa, kuma cajar wat 65 ba ta isarta, sai ta wat 90. Ga wanda ya dogara da sola ko janareton maƙwabta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai masu koa huɗu da ba su da wannan zafin, kamar i7-3632QM mai wat 35 ga T430, da i7-4702MQ mai wat 37 ga T440p. Sai dai a kula: ta T430 tana shiga soket ɗin T420 daidai, amma BIOS ɗin T420 na asali ba ya karɓarta.

Yadda ake farfaɗo da ita

Wanda irin wannan kwamfuta ta riga ta shigo hannunsa, ga tsarin da ya fi dacewa:

1. A cire caja da batir, a buɗe, a share ƙurar fanka da buroshi mai laushi.
2. A goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, a sa sabo kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa. Wanda ya shekara goma ya bushe, ba ya aiki.
3. Idan kwanan wata yana rikicewa, ƙaramin batirin madabod ne ya mutu, a canza shi.
4. A kunna HWMonitor, a ba kwamfutar aiki mai nauyi na minti 15. Idan ta zauna sama da digiri 90 duk da sabon mai, a mayar mata da furosesa mai wat 35.

Ina ya fi dacewa a sa kuɗin?

Ga mai buɗe Chrome, Word, manhajar gwajin JAMB ko mai koyon Python, ba furosesa ce ke jan ƙafa ba, tsohon hadis mai juyawa ne da ƙarancin RAM. Sa SSD da ɗaga RAM zuwa 8GB sun fi canza furosesa tasiri nesa ba kusa ba, kuma ba sa ƙara zafi.

Abu na ƙarshe shi ne babbar manhaja. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel ƙarni na takwas zuwa sama da TPM 2.0. Babu furosesar da za a sa wa laftof ta 2011 ta cika wannan sharaɗin. Linux Mint tana tafiya lafiya a kansu, kyauta ce, kuma ana ci gaba da sabunta tsaronta.

Duk mai shirin aika kuɗi Kano ko Legas, ya nemi a turo masa hoton CPU-Z da na HWMonitor ta WhatsApp tukuna. Mai sayarwar da ya san kayansa na gari ne ba zai ƙi ba.