Tunkuɗar Bindiga da Hannun Ɗan Adam: Me Ya Sa Ƙarama Ta Fi Babba Duka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu bindigogin sarki ranar hawan Sallah ya ga yadda bindiga take zabura a hannun mai ita da zarar ta tashi. Wannan zabura ita muke kira tunkuɗa a wannan maƙala, kuma babu bindigar da ba ta yin ta. A ƙasar Amurka, inda gyaran tsarin mulki na 1791 da hukuncin Kotun Ƙoli na 2008 suka ba mutum damar ajiye ƙaramar bindiga a gidansa, tunkuɗa ta zama maganar cikin gida. Magidanci yakan shiga kanti neman bindigar da matarsa za ta iya harbawa ba tare da wahala ba, sau da yawa kuma ya fito da mafi ƙanƙanta da rashin nauyi, yana ganin ya kyauta. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Saboda haka ba ciniki ya kawo mu ba. Abin da ya kawo mu shi ne, kuskuren wannan magidanci ya ƙunshi darasi mai kyau game da dokokin motsi da kuma halittar jikin mutum.

Bari mu fara da abin da ɗalibi ya riga ya sani. A 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ke kishiyar ta farko. Mai tsallakawa daga kwalekwale zuwa gaɓa ya san haka, domin yana yin gaba jirgin yana yin baya. Idan albarushi ya kama wuta, iskar da ya haifar tana ingiza harsashi gaba, tana kuma ingiza bindigar baya. Ana auna wannan da abin da za mu kira ƙarfin tafiya, wato nauyin abu a ninka shi da saurinsa. Gwargwadon ƙarfin tafiyar da harsashi ya fita da shi, gwargwadon wanda bindiga za ta komo da shi.

Ga lissafin, wanda malami zai iya bayarwa a aji. Harsashin da ake kira milimita 9 yana da nauyin kimanin giram 8, yana kuma fita da saurin kimanin mita 360 a sakan guda. In an ninka su, ƙarfin tafiyarsa ya kusa 2.9. To, idan bindigar kilo 1 ce, za ta komo baya da saurin mita 2.9 a sakan, makamashin da za ta sauke a hannu kuwa kimanin jul 4 ne. Idan aka harba wannan harsashi daga bindiga mai rabin kilo, saurin komowarta zai zama mita 5.8, makamashin kuma jul 8. An rage nauyi da rabi, duka ya ninka. Mun bar iskar albarushin a gefe don lissafi ya yi sauƙi, ita ma takan ƙara nata, amma ba ta sauya hukuncin.

A nan ne magidancin ya yi tuntuɓe. Ƙaramar libarba irin Smith & Wesson 642, wadda aka ƙera jikinta da sanholo don a sa ta a aljihu ko jaka, nauyinta bai wuce giram 410 ba ƙwarai. Harsashinta mai lamba .38, mai nauyin giram 10 da saurin kimanin mita 230, ya gaza na milimita 9 ƙarfin tafiya. Duk da haka makamashin da take saukewa a tafin hannu ya haura jul 6, alhali babbar fistol ta ƙarfe mai kilo 1 ta tsaya a 4. An yi ta ne don sauƙin ɗauka, ba don sauƙin harbi ba. Harsashi mafi sanyin hali shi ne .22, wanda aka fara yi a 1887. Nauyinsa giram 2.6 ne kacal, kuma a bindiga mai kilo 1 dukansa bai kai rabin jul guda ba. Shi ake amfani da shi a gasar harbin fistol ta mita 25 ta mata a wasannin Olamfik, da bindigogin da aka yarda nauyinsu ya kai giram 1,400.

Sai dai kuma lissafin Newton yana gaya mana abin da bindiga ta bayar ne kawai, bai gaya mana abin da jiki ya ji ba, kuma a ganina wannan ɓangare ya fi wancan ban sha'awa. Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27, takwas daga ciki ƙanana ne da suke jere a wuyan hannu. Yawancin tsokar da ke lanƙwasa yatsu ba a tafin hannu take ba, tana can tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, tana jan yatsun da dogayen jijiyoyi kamar yadda linzami yake jan doki. Bututun bindiga yana sama da inda aka riƙe ta, don haka tunkuɗa ba baya kaɗai take yi ba, tana murɗa wuyan hannu ta ɗaga bakin bindigar sama. Gwargwadon nisan bututu daga hannu, gwargwadon murɗawar. Faɗin mariƙin shi ma yana da tasiri. Kaya ɗaya ne, amma wanda ya ɗauka da gammo da wanda ya ɗora a kan tsurar kai ba su ji abu ɗaya ba. Siririn mariƙi yana tara dukan a wuri guda, gajere kuma yana barin ƙaramin yatsa a waje, sai riƙon ya raunana. Mai kauri fiye da kima shi ma yana da nasa aibu, domin manuniya ba za ta kai ga kunama ba sai an karkace hannu, dukan kuma ya sauka a gindin babban yatsa.

A matsakaici, ƙarfin damƙar mace kimanin kashi 60 cikin 100 ne na namiji, ko da yake matsakaici ba ya bayyana mutum guda, kuma macen da ta saba da daka ko jan guga tana iya fin ma'aikacin ofis damƙa nesa ba kusa ba. Inda bambancin yake bayyana shi ne wajen jan kunama. Ta ƙaramar libarba tana buƙatar jan da ya kai kimanin kilo 5, wato ana neman yatsa guda ya ja fiye da ninki goma na nauyin bindigar ba tare da ta motsa ba. Ga shi kuwa jijiyoyin yatsu suna tarayya a tsoka, in ɗaya ya yi aiki da ƙarfi sauran sukan bi shi. Mai karatu ya gwada lanƙwasa ƙaramin yatsansa shi kaɗai, zai ga na kusa da shi ya biyo. Fistol kuwa sai an ja samanta baya kafin ta ɗauki harsashi, kuma sifirin ƙananan yakan yi tauri. Wannan ne ya sa a 2018 kamfanin Smith & Wesson ya fito da samfurin Shield EZ mai sassauƙan sifirin, saboda tsofaffi da masu ciwon gaɓoɓi da masu raunin hannu.

Kunne ma yana cikin lissafin. Ƙarar ƙaramar bindiga takan kai desibel 150 zuwa 165, alhali abin da ya haura 140 yana iya yin lahani a tashi ɗaya. A can cikin kunne akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000 waɗanda suke mayar da girgizar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Tsuntsaye suna sake tsiro da nasu in sun lalace, mu ba ma yi. Bututun da ya fi gajarta kuma ya fi kawo ƙarar kusa da fuska. Akwai kuma ƙurar dalma da ke tashi wajen harbi, wadda take ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, shi ya sa ake shawartar mai juna biyu ta nisanci filin harbi. Haɗarin da ya fi waɗannan girma ba ya cikin lissafin tunkuɗa: daga mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su ne suka kashe kansu.

Daga ciwo da ƙara ne ake samun abin da ya fi ɓata harbi, wato razana. Ƙara mai ƙarfi tana sa ido ya ƙifta, wuya da kafaɗu su ƙage, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan, kuma umarnin daga gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa, ba ya jiran tunani. Wannan razanar ba ta karkatar da harsashi, domin shi yakan bar bututu cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na sakan, kafin jiki ya ankara ya yi nisa. Matsalar tana zuwa ne daga koyo. Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya sami lambar Nobel a 1904, ya nuna yadda kare yake zubar da yawu tun daga alamar abinci, kafin abincin ya iso. Haka ƙwaƙwalwar wanda bindiga ta ji wa ciwo sau biyu ko uku take haɗa jan kunama da duka, sai hannu ya riƙa danna bakin bindigar ƙasa tun kafin ta tashi. Ba ragwanci ba ne, jiki ne yake kare kansa, kuma cire wannan ɗabi'a ya fi shigarta wuya.

Saboda haka ƙwararrun masu koyar da harbi a can sukan fara da .22 a bindiga mai ɗan nauyi, da abin toshe kunne, sannan a hau sama sannu a hankali. Filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindigogi, don wadda za ta riƙe ta gwada iri-iri da hannunta, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Suna kuma da wata dabara ta gano razana wadda ta cancanci sunan gwajin kimiyya. Malami yakan cusa harsashin bogi cikin na gaske ba tare da ɗaliba ta san gurbinsa ba. Idan ta ja kunama a kansa bindiga ba ta tashi, babu ƙara babu tunkuɗa, amma sai a ga bakin bindigar ya sunkuya ƙasa. Motsin nan duka daga ƙwaƙwalwarta ya fito.