Amsoshin Takardunku: Shin Iska Na Iya Kifar da Ƙaramin Jirgin Sama?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani dattijo a Kurfi. Ya ce ɗansa ya kafe sai ya tafi makarantar koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, shi kuwa ya ji an ce iska kaɗai kan kifar da ƙananan jiragen da ake koyo da su. Shin gaskiya ne, ko zancen bakin kasuwa ne?

To Baba, akwai ƙamshin gaskiya. Jirgi ya fi son sauka yana fuskantar iska, don ita ke rage masa gudu. Shi ya sa ake shimfiɗa titin jirgi daidai inda iska ta saba bi. A ƙasarmu da hunturu takan taso daga arewa maso gabas, da damina kuma daga kudu maso yamma, kuma haka titin filin jirgin Katsina da na Kano suka miƙe. Matsalar ita ce ranar da iska ta gitta titin, ta bugi jirgi a haƙarƙari, kamar iskar gaban hadari a farkon damina.

Duk wanda ya taɓa ɗauko ƙunshin kara a keke kan hanyar Dutsin-Ma, iska ta tarar da shi, ya san zancen. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 mutum 4 yake ɗauka, nauyinsa da kaya tan 1 ne da ɗan kai. Iskar gefe da kamfanin ya gwada saukarsa da ita kamar kilomita 28 ce a awa. In ta zarce haka, sai gwani. Takan ture jirgi daga tsakiyar titi, ko ta shiga ƙarƙashin fiffike ɗaya ta ɗaga shi har ɗayan ya daki ƙasa, ko ta tura wutsiya, hanci ya juya, jirgi ya faɗa ciyawa.

Yaya matuƙi ke yi? Ka dubi mai kwalekwale a dam ɗin Zobe. In iska na tura shi gefe, ai ba ya saita gaɓar da zai je kai tsaye, sai ya ɗan karkata wajen iskar. Haka jirgi ke gangarowa a karkace kamar ƙaguwa. Dab da dira sai matuƙi ya miƙar da hanci daidai titi, ya sunkuyar da fiffiken da ke wajen iska, tayar wannan gefen ta fara taɓa ƙasa. In ya ga abin bai daidaita ba, sai ya ƙara wuta ya tashi, ya zagayo. Gudun da babu kunya ke nan. Sau da yawa taurin kai, wato a ce lalle sai an sauka, shi ke jawo haɗari.

Kuma kada a ce sai ƙanana. Ran 22 ga Janairu 1973, jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 ya taso daga Jidda za shi Legas, yanayi ya hana, aka karkato shi Kano ana iska mai ƙarfi. Ƙafar gaba ta fara dira ta karye, jirgin ya juya ya bar titi ya kama wuta. Cikin mutum 202, 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Saboda haka Baba, haɗarin na nan, amma abu ne da ake koyarwa. Makarantar Zariya tun 1964 take. Ɗalibi ba ya tashi shi kaɗai sai ya daɗe tare da malami a gefensa, kuma ranar da iska ta yi yawa ba a barin sabon shiga ya tashi. Kai ka san ɗanka: in mai haƙuri ne, mai jin magana, to ya riga ya sami rabin sana'ar. Shawara dai na hannunka.

A ci gaba da aiko da takardu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.