Muryar da Ba a Ganin Mai Ita: Daga Lata Mangeshkar zuwa Fati Nijar

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana matsayin mawaƙiyar bayan fage, wato wadda take rera waƙa a ɗakin ɗaukar murya, jaruma kuma ta motsa leɓe a gaban kyamara kamar ita ke yi. A finafinan Indiya na harshen Hindi an fara wannan dabara a 1935, cikin fim ɗin Dhoop Chhaon.

Babu wadda ta yi fice a wannan sana'a kamar Lata Mangeshkar. An haife ta a Indore a 1929. Da mahaifinta ya rasu a 1942, nauyin gida ya faɗo kanta, sai ta shiga fitowa a finafinan harshen Marathi domin ciyar da ƙannenta. Wasan bai kwanta mata a rai ba, don haka ta koma ga waƙa zalla. Tauraruwarta ta haska a 1949 da fim ɗin Mahal, amma sunan da aka buga a jikin faifan shi ne Kamini, wato sunan da jarumar take amsawa a cikin labarin. Sai da masu sauraro suka matsa da tambaya kafin a bayyana mai muryar. Ta rasu a Mumbai a 2022.

Tun wajen shekarun 1950 Kwarori 'yan kasuwa suke kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa. Mai kallo a silimun Sabon Garin Zariya, ko ɗalibin da ya taso daga Samaru domin kallo, yakan haddace waƙar Mother India (1957) ya jingina ta ga Nargis, alhali kuwa muryar ta Lata ce. Tuwon girma, miyarsa nama, amma a nan mai dafawar ba a san ta ba.

Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama a Kano, daga Turmin Danya (1990), sai suka gaji wannan tsari. Ta haka aka sami su Rabi Mustapha, da Maryam A. Baba wadda waƙar Sangandale ta zame mata laƙabi, da Binta Labaran, haifaffiyar Maraɗi, wadda aka fi sani da Fati Nijar. Tsarin ya dace da kunyar Bahaushiya, domin mace tana iya cin abinci da muryarta ba tare da ta yi rawa a bainar jama'a ba. Illarsa kuwa ita ce yabo yakan tafi ga fuska, ya bar murya.

Saboda haka ya wajaba ga mai nazarin waƙoƙin finafinai ya riƙa rarrabe mutum huɗu: marubucin waƙa, da mai kiɗa, da mai rerawa, da mai hawa waƙar a fim. In ba a taskace sunayen nan tun masu su suna raye ba, tarihin waƙar Hausa ta zamani zai tashi da giɓin da zai yi wuyar cikewa.